Abin da Ƙaramin Yaro Ke Ɗauka Daga Gidan Namun Daji

Iyaye da malaman ƙananan makarantu sun daɗe da amincewa cewa kai yara gidan namun daji wani ɓangare ne na karatu, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya bayyana irin karatun da yake nufi. Abin da aka fi ɗauka shi ne, tunda ga dabbobi a tsaye, ga kuma alluna ɗauke da sunayensu da ƙasashen da suka fito, to ilimi zai shiga kan yaro ko da babu wanda ya yi wani ƙoƙari. Ina cikin masu goyon bayan wannan ziyara, kuma ina ganin yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai yana iya samun abin da littafi ba zai ba shi ba. Sai dai a ganina gidan namun daji ba ya koyarwa da kansa. Yaro yana kallon dabba, yana kuma kallon babban da ya kawo shi, kuma mafi yawan darasin da zai koma gida da shi, mai kyau ko marar kyau, yana fitowa ne daga halin da wannan babban ya nuna a gaban keji.

Akwai abu guda da yaro ke samu ba tare da bayanin kowa ba, shi ne sanin ainihin girman halitta. A littafin hotuna giwa da kaza duk shafi guda suke ci, a fuskar wayar hannu kuwa raƙumin dawa bai wuce tsawon yatsa ba. Ranar da yaron ya tsaya a gaban wannan dabba, wadda namijinta kan haura mita 5, ya ɗaga kai iyakar ɗagawa bai ga ƙarshenta sosai ba, a ranar ce kalmar tsawo ta samu ma'ana a wurinsa. Idan aka ƙara masa da cewa ɗan raƙumin dawa, a ranar da aka haife shi, ya kai tsayin cikakken mutum, zai juya ya dubi mahaifinsa ya sake duban dabbar, kuma wannan gwadawa da ya yi da idonsa awo ne na gaskiya. Haka nan warin garken dabbobi, da sautin numfashin dorina, da rurin zaki da ake jin sa har cikin ƙirji, duk abubuwa ne da hoto ba ya ɗauko su. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan zamani ganin ido da ido ya kori ganin hoto.

Daga nan ne aikin babba yake farawa, kuma aikin ba zuba bayani ba ne. Ƙaramin yaro ba ya bukatar sanin sunan da masana suka ba wa dabba, ko jerin ƙasashen da take zaune a cikinsu, domin kafin a isa ƙofar fita ya manta. Abin da ke zama a kansa shi ne abin da ya gano da kansa bayan an yi masa tambaya mai sauƙi. A tambaye shi inda idanun zaki suke, sannan a matsa gaba a tambaye shi inda idanun barewa suke. Zai lura cewa na zaki suna gaba kamar nasa, na barewa kuwa suna gefe da gefe, kuma idan aka ba shi ɗan lokaci zai iya kaiwa ga dalilin, wato ɗaya yana bukatar auna nisan abin da zai kama, ɗayar kuma tana bukatar hango wanda ke zuwa ta kowane ɓangare. A nuna masa dorina kwance cikin ruwa, a bar shi ya faɗi sassan jikinta da suka rage a waje. Ido ne da kunne da hanci, dukkansu a jere a saman kai, don ta gani ta ji ta kuma yi numfashi ba tare da ta fito ba. A sa shi ya ƙirga yatsun ƙafar jimina, zai samu biyu kacal, ya kuma dubi kaurin cinyarta ya faɗi ko wannan tsuntsuwa ta fi dogara ga fiffike ko ga ƙafa. Giwa tana kaɗa kunnuwanta, sai a tambaye shi abin da shi yake yi idan ya ji zafi, kafin a faɗa masa cewa jini yana bi ta cikin faffaɗan kunnen ya huce sannan ya koma jiki. Dogon hancin nan nata, wanda take tsintar ƙaramin abu da shi ta kuma karya reshe, babu ƙashi ko ɗaya a cikinsa. Wuyan raƙumin dawa kuwa, duk da tsawonsa, ƙasusuwa bakwai ne a ciki, daidai da adadin da ke wuyan yaron, sai dai kowanne ya miƙe.

Wannan kwatanta halitta da halitta, da neman dalilin bambancinsu, shi ne tushen abin da daga baya za a kira masa kimiyya a aji. Na fi ba shi muhimmanci a kan haddar sunaye saboda yana bin yaro har gida. Wanda ya koyi duban ƙafar jimina ya tambayi amfaninta zai dubi ƙafar agwagwa da ta kyanwa da irin wannan ido, ba tare da an biya masa kuɗin shiga ko'ina ba. Sabbin kalmomi irin su geza da kofato da haure da ƙaho da tuƙa, da ƙirge da bambance launuka, duk suna shigowa a kan hanya, kuma ba sai an tsaya a kansu ba.

Darasin da na fi ganin darajarsa, shi ne wanda iyaye suka fi ɗauka a matsayin asarar ziyara. An zo wurin zaki da ɗoki, an yi wa yaro alkawarin ganin sarkin dawa, sai ga shi kwance a inuwa ya juya wa kowa baya. Zaki a daji ma yakan shafe kusan awa 20 a kowace rana yana hutawa, don haka abin da yaron ya gani shi ne ainihin zaki. A irin wannan lokaci ne za ka ga magidanci mai hankali yana buga ƙarfen keji, yana tafi yana ihu, wani har ya ɗauki tsakuwa ya jefa, duk don dabbar ta motsa a samu hoto. Yaron da ya ga mahaifinsa ya yi haka ya koyi cewa kuɗin da aka biya a ƙofa ya sayi hutun wani rai, kuma duk abin da ya fi shi rauni, ko aka ɗaure shi har ba zai iya ramawa ba, abin wasa ne. Da uban ya rage murya ya ce, «Bari mu jira kaɗan, barci yake yi, kai ma ba ka son a tashe ka,» da ya koya wa ɗansa cewa dabba tana da nata lokaci da nata bukatu, waɗanda ba su da alaƙa da nishaɗin mai kallo. Kuma jiran ba ya tashi a banza. Cikin minti biyar yaron zai ga kunne yana motsi, jela tana korar ƙuda, ciki yana hawa yana sauka, wataƙila ma a yi hamma ya ga haƙoran da ya zo nema. A zamanin da yaro ya saba shafa fuskar waya ya wuce duk abin da bai burge shi cikin daƙiƙa uku ba, wurin da zai tilasta masa jiran abin da ba ya bin umarninsa wuri ne mai amfani ƙwarai.

Yara ba sa zuwa gidan namun daji da kai fanko, suna zuwa ne da abin da tatsuniya da zanen katun suka cusa musu. A tatsuniya kura wawiya ce mai kwaɗayi da tsoro, wadda kullum ake yi wa wayo. Masanin dabbobi Hans Kruuk, wanda ya yi shekaru yana bibiyar kuraye a Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya a shekarun 1960, ya nuna cewa kura mai ɗige-ɗige mafarauciya ce ta gaske, da kanta take kashe mafi yawan abin da take ci, har ma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace mata. A cikin garkensu kuma mata ne ke da iko. Ba ina cewa a rushe wa yaro tatsuniya ba, domin tana da nata aikin, kuma yaro yana iya riƙe kura biyu a kansa, ta labari da ta gaske, ba tare da ya rikice ba. Gano cewa abin da aka ba shi labari da abin da idonsa ya gani suna iya bambanta, shi kansa ci gaba ne a tunani.

Akwai binciken da ke ƙarfafa abin da nake faɗa game da matsayin babba. A shekarar 2014 Eric Jensen na Jami'ar Warwick da ke Ingila ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a kan ɗalibai 2,839, masu shekara 7 zuwa 15, da suka ziyarci gidan namun daji na Landan. An sa su zana dabba a mazauninta kafin ziyara da kuma bayanta. A cikin waɗanda malami ya yi musu jagora, kashi 41 cikin ɗari sun nuna ƙarin fahimta, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa kashi 34 ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa wasu yaran sun koma da fahimtar da ta fi wadda suka zo da ita muni, kuma hakan ya fi yawa a cikin waɗanda ba su da jagora. Ko a rukunin da ya fi, waɗanda suka ƙaru ba su kai rabi ba, kuma wannan ya isa ya rage mana cika baki a kan amfanin ziyarar. Idan haka lamarin yake ga yaran da suka iya karanta allo, to ɗan shekara huɗu ya fi su bukatar wanda zai durƙusa kusa da shi ya yi masa magana.

Shi ya sa nake ganin yadda makarantu da yawa ke shirya wannan fita yana ɓata ta tun kafin a tashi. A cika mota da yara, malami guda yana gaba guda yana baya, a bi keji bayan keji cikin sauri don a ce an ga komai, yara kuma su dawo babu abin da suke iya tunawa sai gajiya da ƙishirwa. Dabba huɗu ko biyar da aka tsaya a kansu sun fi arba'in da aka gifta ta gabansu. Idan yaro ya kafe a gaban kunkuru alhali kowa na son zuwa wurin damisa, a bar shi da kunkurunsa, domin abin da ya riƙe hankalinsa shi ne zai koya masa wani abu.

Dokokin wurin ma darasi ne, muddin an faɗi dalilinsu. Ba a ba dabba abincin da aka zo da shi saboda cikinta ba irin namu ba ne, kuma akwai masu auna mata abin da za ta ci. Ana wanke hannu bayan taɓa dabbobin da aka yarda a taɓa saboda ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ba a hawa shinge, kuma wannan ba wasa ba ne. A watan Mayun 2016, a gidan namun daji na Cincinnati da ke Amurka, wani yaro ɗan shekara uku ya tsallake shinge ya faɗa wurin wani goggon biri mai suna Harambe, kuma ma'aikata suka harbe dabbar don ceton ransa. Ba labari ne da za a ba ƙaramin yaro ba, amma ya kamata kowane babba ya riƙe shi, domin shingen yana kare ɓangarorin biyu ne, kuma idan aka ƙetare shi dabbar ce ta fi kusa da rasa ranta.

Masu adawa da gidajen namun daji suna da hujja mai nauyi, kuma ba na jin adalci ne a share ta. Suna cewa babban abin da yaro ke koya a wurin shi ne halaccin kama rai a kulle shi don mutane su yi kallo. Tarihi yana ba su ɗan goyon baya, domin gidan namun daji na Schönbrunn da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1752 kuma yake aiki har yau, ya fara ne a matsayin wurin shaƙatawar gidan sarauta. Na Landan an buɗe shi a 1828 don nazarin masana, sai a 1847 aka bar jama'a suka fara shiga. Sai a 1907 ne Carl Hagenbeck ya buɗe nasa kusa da birnin Hambog na Jamus, inda ya maye gurbin sandunan ƙarfe da ramuka masu faɗi don dabba ta samu fili mai kama da mazauninta. Gyare-gyaren da aka yi tun daga lokacin ba su kawar da matsalar gaba ɗaya ba. Masu bincike Ros Clubb da Georgia Mason sun nuna a 2003 cewa dabbobi masu farauta waɗanda a daji suke cin dogon zango su ne suka fi wahala a tsare, kuma su ne aka fi gani suna kai da komo a layi guda babu tsayawa. A 2008 wani nazari da su biyun suka shiga ya gano cewa matsakaicin tsawon ran giwayen Afirka mata a gidajen namun daji na Turai bai kai shekara 17 ba, alhali a gandun dajin Amboseli na Kenya ya kai 56.

Yara suna ganin wannan tun kafin manya su yarda sun gani. Yaro zai ja rigar mahaifiyarsa ya ce, «Mama, me ya sa yake ta zagaye? Me ya sa aka kulle shi?» Amsar da aka fi bayarwa ita ce wasa yake yi, ko kuma gidansa ke nan yana jin daɗi. Ina ganin wannan amsa kuskure ce, domin yaron ya lura daidai, kuma idan aka ƙaryata idonsa an koya masa kada ya sake amincewa da abin da ya gani. Ana iya faɗa masa gaskiya daidai da shekarunsa, cewa a daji wannan dabba tana tafiya mai nisa, nan kuma wurin ya yi mata kaɗan, kuma wajibi ne a kan waɗanda suka ajiye ta su ba ta fili da abinci da magani. Hadisin nan sananne na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ya riga ya aza ƙa'idar cewa wanda ya tsare rai ya ɗauki nauyinsa. Yaro ɗan shekara biyar yana fahimtar wannan sarai.

A ɗaya ɓangaren, akwai dabbobin da ba don wuraren ajiya ba da yanzu sai dai a hoto. Maririn Larabawa ya ƙare a daji a 1972, amma 'yan tsirarun da aka tara a gidan namun daji na Phoenix a Amurka suka hayayyafa, har aka fara mayar da zuriyarsu Oman a 1982. Ɗan'uwansa na bakin Sahara, mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, an ayyana shi a matsayin wanda ya ɓace daga daji a shekarar 2000, sannan a 2016 aka fara sakin waɗanda aka kiwata a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na ƙasar Cadi, kuma zuwa ƙarshen 2023 an cire shi daga wancan rukuni saboda ya koma haihuwa a daji. Wannan aiki ne na gaske, sai dai ƙalilan ne daga cikin gidajen namun daji na duniya suke yin sa, kuma bai kamata sauran su fake da shi ba. Ba na kuma ganin hikimar ɗora wa ɗan shekara huɗu labarin ƙarewar halittu da sarar dazuzzuka. Damuwa ce da ba shi da ikon yin komai a kanta. Ya fara sanin dabbar ya so ta tukuna, labarin barazanar da take fuskanta zai same shi a lokacinsa, kuma zai fi shigarsa idan ya taɓa tsayawa a gabanta.

Mutumin da aka fi mantawa da shi a wannan ziyara shi ne ma'aikacin da ke kula da dabbobin. Idan aka dace da lokacin ciyarwa ko shara, yaro zai ga cewa babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa fiye da kilo 100 a rana, kuma wani ne ke ɗauko shi, wani ke kwashe kashin, wani ke duba ƙafafunta. Yawancin waɗannan ma'aikata suna jin daɗin tambayar yara, kuma amsar da za su bayar cikin minti biyu ta fi duk abin da ke rubuce a allo, domin sun san halin kowace dabba ɗaya bayan ɗaya. A nan yaro ke fara gane cewa son dabba aiki ne na kullum mai wari da gumi.

Saboda duk wannan, ba kowane gidan namun daji ne ya cancanci a kai yaro ba. Inda dabbobi suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ruwan shansu ya yi kore, biri yana zaune shi kaɗai a kan siminti babu ko reshen da zai hau, ma'aikata kuma suna karɓar kuɗi su tsokani dabba don masu kallo, babu bayanin da uba ko malami zai yi da zai rinjayi abin da idon yaron ke gani. Ya kamata malamin da ke shirya fita ya fara zuwa shi kaɗai ya duba wurin, ya zaɓi dabbobin da za a tsaya a kansu, ya nemi iyayen da za su raka shi don a raba yaran ƙananan rukunoni. Idan ya tarar da wurin a lalace, ya soke tafiyar, ya kuma rubuta wa hukumar gidan dalilinsa, domin motocin makarantu suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗin irin waɗannan wurare, kuma wasiƙar makarantar da ta fasa zuwa za ta fi saurin isa teburin shugaba fiye da ƙorafin mai ziyara guda.